HAYAR GIDAN DA BABU KAYAN ƊAKI: ABIN DA ƊAN HAYA ZAI NEMA DAGA MAI GIDA

Mubi, a Jihar Adamawa, gari ne na baƙi. Kasuwar shanunta tana jawo fatake daga Kamaru da Cadi, ga ɗalibai da malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga kuma na Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002. Yawancin waɗannan mutane haya suke kamawa a unguwanni irin su Lokuwa da Sabon Layi da Wuro Patuji, kuma galibin gidajen babu kayan ɗaki a ciki, watau bango da rufi da ƙofa kaɗai ake miƙa wa mutum, shi zai kawo gadonsa da tabarmarsa.

Akwai wani abu da ya kamata jama'a su sani. A dokar Ingila da Nijeriya ta gada, wanda ya ba da hayar gida da kayan ɗaki a ciki, ana ɗauka ya yi alkawarin gidan ya dace da zaman mutum ran da aka shiga, ko bai faɗa ba. Amma gidan da babu kaya ba shi da wannan kariya. Ɗan haya ya gani da idonsa ya karɓa. Saboda haka duk gyaran da yake so mai gida ya yi, lalle ne a ambace shi a rubuce tun kafin kuɗi su bar hannunsa.

Abu na farko shi ne rufi. Wanda ya duba gida da rani ba zai ga yoyo ba, sai damina ta sauka. To, ya ɗaga kai ya dubi silin. Inda ya ga tabon ruwa, kwanon wurin ya huje. Ya dubi gindin bango kuma, musamman a gidajen da ke kusa da kogin Yedzaram, domin ruwan da ya taɓa shiga gida yakan bar alamarsa a jikin siminti, kuma maƙwabta ba sa ɓoye irin wannan labari. Gyaran kwano, da bangon da ya tsage, da shaddar da ta cika, da magudanar ruwa, duk manyan ayyuka ne da ɗan haya ke sa ran mai gida zai ɗauka. Ƙananan abubuwa kamar ƙwan lantarki da makullin da ya ɓata a hannun mai zama, nasa ne.

Sai batun ruwa da wuta. A tambaya ko akwai rijiya ko famfo, in kuwa ruwan 'yan garuwa za a riƙa saya, a san da haka tun farko. A duba mita, a nemi takardar biyan kuɗin wuta ta ƙarshe, don kada sabon shiga ya gaji bashin wanda ya fita.

Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata da tsawon lokacin da aka biya wa. La'adar dillali dabam take, ba ta cikin kuɗin haya. Yarjejeniya kuwa a yi ta gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Da zarar an miƙa makulli, mai gida ba shi da ikon kutsawa yadda ya ga dama, sai ya yi sallama ya nemi izini. In yana son gidansa, kuma ba a rubuta wani wa'adi dabam ba, mai biyan wata-wata yana da sanarwar wata 1, mai biyan shekara-shekara yana da wata 6. Bayan wa'adin ya cika sai a ƙara masa sanarwar kwana 7 cewa za a kai magana kotu. Cire ƙofa, ko ɗaye kwano, ko watso kayan mutum waje, saɓa wa doka ne, ko da ana bin sa bashin haya, kuma wanda aka yi wa haka yana iya neman diyya a kotu.