Magunan da ke zuwa dubiya asibiti a Amurka

A asibitin koyarwa na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, a shekarun baya ma'aikatan sashen kula da masu matsananciyar jinya sun saba da wani baƙo da ba ya shigowa da ƙafarsa. A kan ɗan keken tura kaya ake kawo shi, yana kwance abinsa, ana bi da shi ɗaki-ɗaki.

Baƙon muzuru ne mai suna Duke Ellington, sunan wani shahararren makaɗin Amurka. Daga gidan ajiye dabbobin da ba su da masu su aka ɗauko shi a 2010, daga baya aka sa shi cikin shirin kai dabbobi dubiya na ƙungiyar kare dabbobi ta birnin, wato SPCA.

Aikinsa bai wuce ya kwanta a shafa shi ba. Marar lafiyar da ya yi makonni bai ga dabbar da ya baro a gida ba zai miƙa hannu ya taɓa gashinsa. Malamar jinyar da ta kwana tsaye ita ma takan dakata minti biyu ta yi masa wasa, sannan ta koma bakin aiki.

Wanda ya san mage da kamun ɓera kawai zai iya cewa abin rashin aikin yi ne. Sai dai akwai ɗan abin da bincike ya nuna. A 2019, masana a Jami'ar Jihar Washington sun gwada ɗalibai 249, inda suka gano cewa minti goma na shafa mage ko kare ya rage sinadarin cortisol, wanda jiki ke fitarwa lokacin damuwa, a cikin yawunsu. Ɗalibai ne masu lafiya dai aka gwada, don haka ba za a ce an tabbatar mage na warkar da cuta ba.

Ba kowane likita ne ke maraba da ita ba

A 2015, ƙungiyar ƙwararru kan yaɗuwar cututtuka a asibitocin Amurka, SHEA, ta fitar da shawarwari kan shigar dabbobi asibiti. Ta ce karnuka kaɗai ya kamata a bari, a bar maguna a waje.

Hujjarta ita ce mage ba ta horuwa yadda za a iya dogara da ita, kuma cizonta ko yagunta na iya jawo ciwo, ga mutanen da gashinta ke tayar wa atishawa ko asma. Ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, ko aka yi wa tiyata jiya, yagu ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa asibitoci da yawa ke karɓar karnuka su ƙi maguna.

Inda aka yarda kuwa, sharuɗɗan ba wasa. Ƙungiyar Pet Partners, wadda ke yi wa irin waɗannan dabbobi rajista, tana buƙatar mage ta kai shekara ɗaya, ta zauna da mai ita aƙalla wata shida, an yi mata rigakafi, kuma ba a ciyar da ita ɗanyen nama. Ana gwada ta a ga ko za ta jure hayaniya da taɓawar baƙin hannu, sannan a sake gwajin duk bayan shekara biyu.

Mafi yawan maguna ba su da wannan hali. Mage dabba ce mai son wurin da ta sani, fita da ita a mota ma kan firgita ta, balle warin magani da ƙarar na'urori.

A ɗakin marar lafiya, ana shimfiɗa tawul kafin a ɗora ta kan gado, kowa kuma ya wanke hannu kafin ya taɓa ta da bayan ya taɓa. Ziyarar ba ta wuce awa biyu a ƙa'idar ƙungiyar, kuma da mage ta fara lanƙwasa kunnuwa baya ko kaɗa jela da ƙarfi, mai ita zai ɗauke ta, dubiyar ranar ta ƙare ke nan.