Madara da Cikin Babba: Aikin Laktes da Ƙwayar Gadonsa

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙugin ciki da kumburi bayan shan madara a matsayin ciwo, har su shiga neman magani. A ganina wannan fahimta ta juya gaskiya, domin babban da madara ke damun cikinsa shi ne yake kan asalin halittar ɗan Adam. A bangon ƙaramin hanji akwai ƙwayoyin halitta da ke tsotse abinci, kuma a jikin tantanin da ya lulluɓe kowacce akwai wani sinadarin narkarwa mai suna laktes, a kafe yana fuskantar abincin da ke wucewa. Aikinsa shi ne raba sukarin madara, wato laktos, gida biyu, gulukos da galaktos, don jini ya iya ɗauka. Idan ya yi ƙaranci, sukarin sai ya zarce babban hanji, ƙwayoyin bakteriya su far masa, iska ta taru, ruwa ya biyo baya, sai gudawa.

Ƙwayar gadon da ke ba da umarnin ƙera laktes ana kiranta LCT, tana kan kuromosom na 2. Kusan kowane jariri yana zuwa duniya da ita tana aiki sosai, amma bayan yaye sai ta fara lafawa, kamar yadda take yi a sauran dabbobi masu shayarwa. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan duniya haka suke. Abin da ya fi burge ni shi ne ita LCT lafiyarta ƙalau a kusan kowa. Bambancin yana wani gurbi kusa da ita, cikin wata ƙwayar gado mai suna MCM6, wanda yake kamar makunnin fitila. A 2002 masu bincike suka gano canjin harafi ɗaya a nan wanda ke barin LCT tana aiki har tsufa a yawancin Turawan arewa, a 2007 kuma aka gano wasu canje-canje dabam a makiyayan Gabashin Afirka. Tun 1971 binciken Norman Kretchmer da abokan aikinsa a Najeriya ya nuna yawancin Fulani makiyaya suna narkar da laktos, alhali yawancin Yarbawa da Ibo ba sa iyawa.

Wani zai ce ai sabo ne, Bafulatani ya tashi cikin madara shi ya sa. Sabo yana da rawar da yake takawa, amma a babban hanji, inda bakteriya ke daidaituwa da laktos har damuwar ta ragu. Shan madara kullum ba ya tayar da LCT idan ta lafa. Wani kuma zai ce ga talakawa da sarakuna suna shan fura da nono ba tare da matsala ba. Gaskiya ne, kuma dalilin yana cikin ƙwarya: kafin nono ko kindirmo ya yi tsami, bakteriya sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, furar kuma tana rage saurin wucewarsa. Madarar gari da ake dambara wa shayi ita ce ke zuwa da laktos ɗinta cikakke, ko da yake yawancin masu ƙarancin laktes suna jure kofi ɗaya tare da abinci.

Inda nake so iyaye su yi hattara shi ne yara. Gudawa mai tsanani tana iya goge laktes daga bangon hanji na ɗan lokaci, yana dawowa idan hanjin ya warke. Wannan ba hujja ba ce ta cire jariri daga nonon uwa. A ci gaba da shayarwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti.