Awa Nawa Injin Kwamin Wanka Zai Yi Yana Aiki?

Injin kwamin wanka na gida aikinsa zuƙo ruwa, ya bi da shi ta cikin matata, ya mayar. Wannan zagayen shi ke raba sinadarin kulorin ko'ina cikin ruwan. Idan injin ya daɗe a kashe, kulorin kan ƙare a lunguna da ƙarƙashin matakala, bango ya fara santsi, gansakuka ta tsiro, ruwan ya koma kore.

Lissafin ba wuya. Kwami mai lita 40,000, da inji mai tura lita 10,000 a awa, zagaye ɗaya awa 4 ke nan. Sai dai zagaye ɗaya ba ya tace ruwan duka, domin tataccen yana komawa ya gauraye da sauran. Kusan kashi 63 cikin ɗari ne ke bi ta matata a zagayen farko, jimilla ta kai 86 bayan na biyu, 95 bayan na uku. Awa 8 a rana, wadda ita ce aka saba yi, zagaye biyu ke nan a wannan misalin.

Lokacin kunnawa ma da muhimmanci. Hasken rana yana cinye kulorin, don haka gara injin ya yi aiki da tsakar rana, ko da kuɗin wuta zai ƙaru. A kwamin da ake samar da kulorin daga gishiri, na'urar da ke samar da shi ba ta aiki sai ruwa na gudana. Rage awoyi rage kulorin ne kai tsaye.

Yawan aiki kuma yana da nasa illar. Inda ruwa ke feshi ko ɓulɓula, iskar kabon tana fita, ma'aunin pH ya haura 7.8, ƙarfin kulorin ya ragu, farin ɓawo ya fara kama tayil.