Man Kirci Da Likita Ke Rubutawa: Yadda Ake Aiki Da Shi Lami Lafiya

Da zarar hunturu ya kama, iska ta bushe, malamin makaranta yakan lura da yaro ɗaya ko biyu cikin ajinsa waɗanda ba su da aiki sai susa. Ka ga yaro yana gyangyaɗi tun da hantsi domin jiya bai runtsa ba, in ka ɗaga hannun rigarsa sai ka tarar lanƙwasar gwiwar hannu ta yi kaushi, ta yi baƙi, ta tsattsage, wani wurin har da jini. Wannan ita ce cutar da likitoci ke kira egzima, mu kuwa mukan sa ta cikin abin da muke ce wa kirci. Ba a ɗaukarta daga wani, saboda haka ba daidai ba ne a ware yaro daga 'yan'uwansa sabili da ita. Galibi gadonta ake yi, kuma takan bi gidan da ake da asma. Fatar mai ita ba ta riƙe danshi, sojojin jikinsa kuma suna da saurin harzuƙa, abu kaɗan ya taɓa fata sai su ta da kumburi da ƙaiƙayi.

To, ku malamai da akawuna, ku ne jama'a ke kawo wa takardar magani ku karanta musu, abin da kuka faɗa kuwa shi ake ɗauka. Don haka ya kamata ku san labarin wani irin man shafawa da likitoci ke rubuta wa masu wannan cuta, da yadda ake aiki da shi ba tare da an jawo wata wahala ba.

A Fara Tabbatar Da Cutar

Kama da wane ba wane ba ce. A ƙasar nan mutane da yawa kowane tabo suka gani a fata sai su ce egzima ne, alhali sau da yawa ƙyasfi ne, ko makero, ko ƙazuwa. Ƙyasfi da makero wani irin naman gwari ne ƙanƙani ke kawo su, ƙazuwa kuwa ƙwaro ne ke haƙa fata, kowanne da maganinsa dabam. Man da za mu yi magana a kansa ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya, aikinsa shi ne ya lafar da sojojin jiki a wurin da aka shafa. Wanda ya shafa shi a kan makero ya kwance wa ɓarawo kare ke nan, cutar sai ta daɗa yaɗuwa. Wannan shi ne dalili na fari da ya sa ba a sayensa da ka, sai likita ya duba fata da idonsa ya rubuta takarda.

Asalin Maganin

Tun shekarar 1952 aka fara shafa maganin da ake kira haidrokotizon a fata, shi da danginsa kuwa su ake ce wa sitiroyid. Har gobe su ne likita ke fara bayarwa ga mai egzima, kuma suna da amfani ƙwarai in an bi ƙa'idarsu. Amma in aka daɗe ana shafa masu ƙarfinsu, musamman a fuska da wuya da hammata, fata takan sirance, ta yi zane-zane, jijiyoyi su bayyana. Kowa ya ga abin da mayukan canza launin fata suke yi wa mata ya ga wannan illa, gama da yawansu sitiroyid mai ƙarfi ne a ciki.

Saboda haka masana suka yi ta neman abin da zai kwantar da kumburi ba tare da ya cinye fata ba. A shekarar 1984 masu bincike na wani kamfanin Japan mai suna Fujisawa suka sami wani sinadari daga ƙwayar halitta da ke cikin ƙasar da aka ɗebo kusa da Dutsen Tsukuba. Shi ne takrolimus, a jikin kwalinsa za ku ga an rubuta tacrolimus. Da fari waɗanda aka yi wa dashen hanta ko ƙoda ake ba, don kada jikinsu ya ƙi sabuwar gaɓar. Daga baya aka mai da shi man shafawa mai suna Protopic, Japan ta yarda da shi a 1999, Amurka a 2000, Turai a 2002. Yana da ɗan'uwa, pimekrolimus, wanda ake sayarwa da sunan Elidel, Amurka ta yarda da shi a 2001. Akwai kuma krisaborol, watau Eucrisa, na shekarar 2016, wanda hanyar aikinsa dabam ce. Duk ukun ba sitiroyid ba ne, ba su kuma sirantar da fata, shi ya sa likita kan zaɓe su domin fuska da fatar ido da wuya, ko kuwa in sitiroyid bai biya bukata ba. Za mu tsaya kan takrolimus, don shi ya fi daɗewa a hannun likitoci.

Ƙa'idar Shafawa

Abu na fari da mai karatu zai duba shi ne lambar da ke jikin bututun, domin ƙarfi biyu ake yi. Mai lamba 0.03 shi ne na yara daga shekara 2 zuwa 15. Mai lamba 0.1 na wanda ya kai shekara 16 ne ko ya wuce. Jariri da bai cika shekara 2 ba ba a shafa masa. Kada uba ya ɗauki nasa ya shafa wa ɗansa wai don cutar iri ɗaya ce.

Ana shafawa sau biyu a yini, safe da dare, a kan fata mai tsabta wadda ta bushe sarai, kuma a inda cutar take kaɗai. Kaɗan ake sawa, a murje shi har ya ɓace. Ga ma'aunin da likitocin fata ke amfani da shi: man da aka matso daga kan ɗan yatsa manuni zuwa gaɓarsa ta fari, wajen rabin giram ke nan, ya isa wurin da ya kai faɗin tafin hannu biyu na babban mutum. Laftawa ba ta gaggauta warkewa. A kiyaye kada ya shiga ido ko baki ko cikin hanci, in ya shiga a goge a wanke da ruwa. Kada a ɗaure wurin da bandeji ko leda, tufafi na kullum sun isa. Kada a yi wanka nan take bayan shafawa. Wanda ya shafa wa wani ya wanke hannunsa da sabulu.

Sa'an nan akwai zancen man da ke tausasa fata, kamar basilin ko man kaɗanya mai tsabta wanda ba turare a ciki. Wannan shi ne abincin mai egzima kullum, ko cutar ta tashi ko ta kwanta. Amma umurnin da ke cikin kwalin Turai ya ce a bar tsakanin awa 2 tsakaninsa da takrolimus a wuri guda. Shi kansa maganin ana so a ajiye shi inda zafi bai wuce awo 25 ba. Kun san kuwa da bazara a Kano ko Sakkwato zafi kan haura 40, saboda haka aljihu da taga da cikin mota ba wurin ajiyarsa ba ne.

Raɗaɗin Kwanakin Fari

Nan ne mutane da yawa ke yada magani. Wajen rabin masu shafa takrolimus sukan ji zafi ko raɗaɗi ko ƙarin ƙaiƙayi a wurin, jim kaɗan bayan shafawa. Uwa ta ga ɗanta yana kuka sai ta ce maganin bai karɓe shi ba, ta jefar. Alhali kuwa wannan raɗaɗi yakan ragu da kansa cikin mako guda, yayin da fata ke haɗewa. In kun faɗa mata wannan tun da wuri, za ta daure. Amma in zafin ya tsananta, ko ya wuce mako bai sassauta ba, a koma wurin likita.

Rana Da Zancen Sankara

A shekarar 2006 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta gargaɗi a kwalin takrolimus da pimekrolimus, domin an sami rahoton 'yan mutane kaɗan cikin masu shafawa da suka kamu da sankarar fata ko ta ƙululun jiki, ko da yake ba a tabbatar maganin ne ya jawo ba. Daga baya aka bi yara kusan 8,000 masu shafa takrolimus, waɗansu har shekara 10, sakamakon da aka buga a 2020 kuwa bai nuna sankara ta ƙaru cikinsu ba. Duk da haka ƙa'idar tana nan: ba a shafa shi wata da watanni ba hutawa, kuma mai shafawa ya rage zama cikin rana, ya rufe wurin da riga mai dogon hannu ko malafa. Malami na iya taimakon irin wannan yaro da ba shi wuri a inuwa lokacin tara yara ko wasa.

Lokacin Da Za A Dakata

In wurin ya fara ruwa, ko mugunya, ko ɓawo mai ruwan ɗorawa, to ƙwayar cuta ta shiga, sai an yi maganinta tukuna. In ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso da yawa, suna fashewa suna barin 'yan ramuka masu zafi, ga zazzaɓi, wannan ba abin jira ba ne, a kai asibiti ran nan. Haka kuma in ƙarambau ya fito, ko kaluluwa ta kumbura a wuya ko hammata. Mace mai ciki ko mai shayarwa, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sabili da ƙanjamau ko maganin sankara, lalle su shaida wa likita kafin ya rubuta.

In an yi mako 2 ana shafawa ba a ga alamar sauƙi ba, a koma a sāke dubawa, watakila ba egzima ba ce tun asali. In kuwa fata ta washe, ƙaiƙayi ya tafi, sai a daina. Wanda cutar ke yawan komo masa, kamar sau 4 ko fiye a shekara, likita na iya ce masa ya riƙa shafa wuraren da ta saba fitowa sau 2 a mako, misali Litinin da Alhamis. Wannan shawara ta likita ce, ba ta maƙwabci ba.

Daga ƙarshe, a gaya wa iyaye gaskiya: wannan mai ba ya tumɓuke egzima, kwantar da ita yake yi, ko da yake yara da yawa tana sakinsu in sun girma. Tabon fari ko na baƙi da takan bari yana ɓacewa sannu a hankali, kada a bi shi da man canza launi. A yanke wa yaro farce, a yi masa wanka da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a sa masa tufafin auduga, a shafe shi da basilin tun jikinsa da sauran danshi. Ragowar maganin da ke cikin bututu kuwa kada a ba wa maƙwabci aro. In ya zo da tasa susar, ku nuna masa hanyar asibiti.