Gawayin janaretan lifta: ƙaramin abu mai riƙe da lafiyar masu hawa

Idan lifta, wadda masu jin Faransanci ke kira asansar, ta fara tsayawa sama ko ƙasa da daɓen bene har mai fita ya yi tuntuɓe, wani lokaci matsalar tana can ɗakin inji a saman gini, a jikin wani guntun gawayi da bai kai akwatin ashana biyu ba. Makanikai a ƙasashen Faransanci suna ce masa sharbon. Irinsa ne ke cikin sitatar mota da injin huda bango, sai dai na lifta ya fi girma, kuma mutane yake ɗagawa.

Tsofaffin liftoci da yawa suna aiki da tsarin da Ba'amurke Harry Ward Leonard ya fito da shi a 1891. Wutar gari, mai kai-komo, tana juya wani moter. Shi kuma yana juya janareta mai ba da wuta irin ta batir, mai bin hanya ɗaya, wadda ke ciyar da injin jan igiyoyi. Ta hanyar ƙara ko rage ƙarfin maganaɗisun janaretan ne lifta ke tashi a hankali, ta yi gudu, ta tsaya daidai bakin ƙofa. Daga wajen shekarun 1980 na'urorin lantarki na zamani suka karɓe wannan aiki, amma a dogayen benayen da aka gina kafin nan, waɗanda ba a sabunta ba, har yanzu ana tarar da shi.

Gawayin yana gogar wani zoben jan ƙarfe mai yanka-yanka da ake kira kolekta, ta nan wuta ke fita. Kolekta mai lafiya ba ya ƙyalli. Yana da wani siririn rufi mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ke samuwa daga haɗuwar jan ƙarfe da iska da burbushin gawayi da danshi. Wannan rufi shi ne man da gawayin ke sulɓi a kansa. Sabon yaron shago yakan ɗauka dauɗa ce, ya goge har jan ƙarfe ya fito fes, yana jiran a yaba masa, alhali ya rage wa gawayin kwana ne. Abin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne zane-zane masu zurfi, ko baƙin tabo na ƙuna a bakin yankan, ko tartsatsi mai yawa idan lifta ta ɗauki kaya.

A nan ne yanayi ke shigowa. Rufin yana buƙatar laima, shi ya sa a yaƙin duniya na biyu gawayin janaretocin jiragen sama ya riƙa cinyewa cikin sa'o'i a can sama inda iska ta bushe. Don haka injin da ke Njamena ko Marwa a tsakiyar hunturu, ga bushewa ga ƙura, yana son a riƙa leƙa shi fiye da na Duwala ko Kwatano.

Wajen sauyawa, a fara kashe wuta a sa kwaɗo a makunnin, makullin kuma ya zauna a aljihun mai aikin. Sabon gawayi ya zama nau'i ɗaya da wanda aka tsara wa injin, lambarsa tana jikinsa. Gauraya nau'i biyu yana sa wani ya ɗauki wuta fiye da ɗan'uwansa, ya yi zafi, wayarsa ta ƙone. Sassaƙo gawayin wani injin don ya shiga gidan, kamar yadda ake yi idan kaya sun yi wuyar samu, araha ce mai tsada: gawayi kuɗinsa kaɗan ne, amma gyaran kolekta sai an kwance injin an kai wa mai juya ƙarfe, mazauna bene kuwa su yi ta hawan matakala.

Gawayin ya riƙa motsi a gidansa ba tare da ya maƙale ko ya yi lako-lako ba, kuma tsakanin gidan da kolekta a bar kamar milimita 2 zuwa 3. Matsin sifirin a irin waɗannan injuna yakan kama gram 180 zuwa 250 a kan kowane murabba'in santimita na fuskar gawayin, a auna da ƙaramin sikeli, duka su zo ɗaya. Rashin matsi ya fi yawansa ɓarna, domin gawayin zai riƙa tsalle yana tartsatsi. Sannan a zaunar da fuskarsa: a sa samfefa tsakaninsa da kolekta, yashin na kallon gawayi, a ja ta har ya ɗauki lanƙwasar zoben. Ban da samfefar emeri, burbushinta na ɗaukar wuta. Ƙurar da ta zuba a zuƙe ta da injin shara, kada a hura ta cikin naɗin waya.

Zoben da ke riƙe da gidajen gawayin yana da wurin zamansa, galibi da alamar masana'anta. Idan ya goce ko kaɗan, tartsatsi zai ƙaru, lifta ta riƙa hali dabam a hawa da sauka. Wanda zai kwance shi ya fara yi masa shaida da fenti. Bayan an mayar da komai, a gwada lifta babu kowa a ciki, sama da ƙasa, ana duba tsayuwarta a kowane hawa kafin a buɗe wa jama'a.