Folksonomy: Lokacin Da Raɗa Suna Ya Koma Hannun Jama'a

A gidan Bahaushe yaro ɗaya kan tashi da suna uku: na yanka, da na rana irin su Ɗanladi, da wanda kaka ta laƙaba masa don kada ta ambaci sunan maigidanta. Ba wanda ya taɓa cewa sun yi masa yawa. Ɗakin karatu kuwa bai san wannan ba. Tsarin da Melvil Dewey ya fitar a Amurka a 1876 lamba guda yake bai wa littafi, da mazauni guda a kan kanta. Littafin da ya haɗa noma da tarihi dole a zaɓar masa gida ɗaya.

Intanet ce ta kwance wannan ƙulli. Shafin del.icio.us na Joshua Schachter ya bayyana a 2003, Flickr ya biyo baya a 2004. Mutum ya ɗora hoton rini, sai ya liƙa masa "Kano", "karofi", "shuɗi", duk a lokaci guda, wani ma ya zo ya ƙara nasa. Turawa na kiran kowace irin wannan alama tag, kalmar da asalinta ɗan ƙyallen da ke reto a jikin tufa take nufi. Amma ɗabi'ar kanta ba ta da suna, sai a 2004 da Thomas Vander Wal ya ƙirƙiro folksonomy.

Auren kalmomi biyu ya ɗaura. Folk tsohuwar kalmar Ingilishi ce mai nufin jama'a, 'yar'uwar Volk ta Jamusanci da muke gani a Volkswagen. Taxonomy kuwa ta malamai ce: masanin tsirrai Augustin de Candolle ya ƙera ta da Faransanci a 1813, daga Girkanci taxis, wato jerawa, da nomos, wato doka. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, wajen haɗin, ɓangaren da ke nufin jerawa shi aka yar, aka ajiye jama'a a gurbinsa.

Da gani kuma an yar ɗin. Na taɓa neman hotuna da kalmar "gari", ina son ganin ganuwa da lunguna. Abin da ya fara fito mini kwanon garin kwaki ne, an barbaɗa masa ƙuli-ƙuli.