Ranar Tunawa da Bishop Ajayi Crowther: Don Me Muke Tuna Ranar Mutuwar Bayin Allah?

Karatu: Ibraniyawa 13:7-8

Yau ita ce ranar 31 ga Disamba, ranar ƙarshe ta shekara. Da dare za mu taru a majami'unmu mu yi wa Allah godiya, gama ya kiyaye mu har muka ga ƙarshenta. Amma akwai wani abu kuma game da wannan rana wanda da yawa cikinmu ba su sani ba. A rana irin ta yau, a shekara ta 1891, Bishop Samuel Ajayi Crowther ya yi barci cikin Ubangiji a Ikko. Shi ne baƙar fata na farko da ya zama bishop a ikilisiyar Anglika, ikilisiyar nan kuwa ta keɓe wannan rana domin tunawa da shi.

Wani zai ce, "Fasto, ashe, tunawa da ranar mutuwar mutum ba bautar matattu ba ce?" Tambayar tana da kyau, gama kakanninmu da yawa sun fito daga cikin yanka da zuba giya a kan kaburbura, ba mu kuwa so mu koma can. Saboda haka bari mu bayyana a fili. Ba ma yin addu'a ga matattu, ba ma roƙonsu wani abu, ba ma kai musu hadaya. Matsakanci ɗaya ne tsakaninmu da Allah, wato Yesu Almasihu. Abin da marubucin wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ya umarce mu shi ne kada mu manta da waɗanda suka koya mana Maganar Allah, mu lura da yadda suka gama tafiyarsu, sa'an nan mu bi sawun bangaskiyarsu. Aya ta gaba kuwa ta komo da hankalinmu ga Yesu wanda ba ya sakewa. Shugabanni suna wucewa, Ubangijinsu yana nan.

To, don me ranar mutuwa, ba ranar haihuwa ba? Wannan al'ada tsohuwa ce. Wajen shekara ta 155 aka kashe Polikarp, dattijon ikilisiyar Samirna, domin ya ƙi musun Ubangijinsa. Masu bi na garin suka binne ƙasusuwansa, suka shirya su riƙa taruwa a wurin kowace shekara a ranar da aka kashe shi. Sun ɗauki ranar kamar ranar haihuwarsa ce, domin a ranar ne ya shiga rai madawwami. Akwai kuma wani dalili. Ranar da aka haifi yaro ba wanda ya san abin da zai zama. Manomi ba ya auna gonarsa ranar shuka, sai kaka ta yi, an ɗaure dammuna. Haka ma rayuwar mai bi, ƙarshenta ne yake nuna irin bangaskiyar da ya rayu da ita.

Bari mu duba rayuwar wannan bawan Allah. An haife shi wajen shekara ta 1809 a garin Osogun, a ƙasar Yarabawa, aka raɗa masa suna Ajayi. A shekara ta 1821 mahara suka fāɗa wa garinsu, suka ƙone shi, suka kama shi da uwarsa da 'yan'uwansa mata. Aka raba su. Aka yi ta sayar da yaron daga hannu zuwa hannu, har an taɓa musayarsa da doki. A ƙarshe aka sa shi cikin jirgin ruwan 'yan Fotugal masu fataucin bayi a bakin tekun Ikko. A shekara ta 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin, suka kwance bayin, suka kai su Freetown a ƙasar Saliyo. A can ya koyi karatu, ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma a shekara ta 1825. Sa'ad da aka buɗe kwalejin Fourah Bay a shekara ta 1827, yana cikin ɗalibanta na farko.

A shekara ta 1841 ya shiga tafiyar da Turawan Ingila suka yi cikin kogin Kwara, tare da wani mai bishara Bajamushe mai suna James Schön. Zazzaɓi ya kashe Turawa kimanin 40, mutane kuwa suka ce tafiyar ta zama banza. Amma daga cikinta aka gane cewa 'yan Afirka ne za su fi iya kai bishara cikin ƙasar. Daga cikinta kuma Schön ya duƙufa a kan Hausa, ya buga littafin kalmomin Hausa a shekara ta 1843, daga baya ya juya waɗansu littattafan Sabon Alkawari. Aikinsa yana cikin tubalin farko na ginin da ya kai ga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a shekara ta 1932. Mu da muke karanta Maganar Allah da Hausa, labarin nan ya shafe mu.

Aka naɗa Crowther limami a shekara ta 1843. A shekara ta 1846, yana aiki a Abeokuta, Allah ya sada shi da uwarsa bayan rabuwar shekara 25. Ita ma ta ba da gaskiya, aka yi mata baftisma da suna Hannatu. Wanda ya karanta labarin Yusufu cikin Littafin Farawa zai gane hannun da ya yi wannan. A shekara ta 1857 ya fara aikin bishara a bakin Kwara, daga Anaca har zuwa Lakwaja da ƙasar Nufe. Ya rubuta littattafan koyon Nufanci, ya kuma jagoranci juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci. Ranar 29 ga Yuni, 1864, aka keɓe shi bishop a babbar majami'ar Canterbury a Ingila. Yaron da aka yi musayarsa da doki ke nan.

Akwai wani halinsa da muke bukata ƙwarai a ƙasarmu. Shi da kansa ya rubuta cewa akwai Musulmi cikin maharan da suka ƙone garinsu. Duk da haka bai riƙe Musulmi a zuciya ba. Ya yi ta kai ziyara wurin Etsu Masaba na Bida, yana ba shi girman da ya dace da sarki, yana neman izini kafin ya buɗe wurin aiki. A shekara ta 1872 ya tsaya a fādar Sarkin Ilori, aka yi masa tambayoyi a kan Yesu ɗan Maryamu. Bai zagi addinin kowa ba, bai kuma ɓoye bangaskiyarsa ba. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya bar nassi ya ba da amsa, ya fara da saƙon da mala'ika Jibra'ilu ya kawo wa Maryamu cikin Bisharar Luka. Ya kuma nuna musu addu'ar da Kirista suke yi domin mai mulkin ƙasarsu. Aka rabu lafiya. 'Yan'uwa, ana iya faɗin gaskiya duka ba tare da cin mutuncin maƙwabci ba.

Yanzu sai mu duba ƙarshensa, gama shi ne abin da nassinmu ya ce mu lura da shi. Ƙarshen bai yi daɗi ba. Da ya tsufa, waɗansu samarin Turawa 'yan mishan suka zo Kwara da zafin rai, suka kawo ƙara a kan ma'aikatansa 'yan Afirka. Gaskiya ne waɗansu ma'aikatan sun yi laifi, tsohon kuwa mai sanyin hannu ne wajen horo. Amma hanyar da aka bi ba ta Almasihu ba ce. A wani taro a Anaca, a shekara ta 1890, aka dakatar da limaman da shi ya naɗa, a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson. Mutumin da ya haura shekara 80, wanda ya fara aikin tun ba a haifi masu ƙarar ba, aka mai da shi kamar ba kome ba. Bai la'anci kowa ba, bai kuwa bar bangaskiya ba. A shekara ta 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a ranar ƙarshe ta shekarar. Aka sa Bature a gurbinsa, sai da aka yi kimanin shekara 60 kafin wani baƙar fata ya sāke riƙe irin wannan kujera a Nijeriya.

Da a ce mutanen shekara ta 1891 ne za su yanke hukuncin ƙarshe, da sun ce aikinsa ya rushe. Amma a shekara ta 2014, da aka cika shekara 150 da keɓewarsa, aka yi sujada a Canterbury ɗin nan, Babban Bishop Justin Welby kuwa ya furta a fili cewa an yi wa Crowther rashin adalci, ya kira ikilisiya ga tuba. Wannan shi ne amfanin tunawa kowace shekara. Tana ba ikilisiya zarafi ta gode wa Allah, tana kuma ba ta zarafi ta ga laifinta.

Me za mu yi ke nan? Na fari, kowace ikilisiya tana da nata Crowther. Wani mai bishara ne ya fara zuwa ƙauyenku da ƙafa ko da keke, ya kwana a zaure, ya koya wa kakanninku karatu a gindin itace. Kun san sunansa? Kun san inda kabarinsa yake? Ku tambayi dattawa tun suna da rai, ku rubuta sunan da ranar rasuwarsa cikin littafin ikilisiya, har da matan da suka yi aikin tare da mazajensu. In ranar ta zagayo, ku karanta wa yara labarin, ku yi godiya ga Allah.

Na biyu, kada mu jira mutuwa. Akwai tsofaffin fastoci da masu bishara da suka huta da aiki, da gwaurayen waɗanda suka rasu, suna zaune a cikinmu ba mai leƙa su. Samari masu ilimi da himma, ku gyara abin da yake bukatar gyara, amma kada ku yi wa iyayenku cikin bangaskiya abin da aka yi wa Crowther.

Na uku, kai mai sauraro da aka ture ka bayan ka yi wa Ubangiji hidima da aminci, kada ka karai. Hukuncin mutane ba shi ne na ƙarshe ba. Dukanmu kuwa, a daren nan na ƙarshen shekara, sai mu tambayi kanmu yadda muke so mu gama tamu tafiya.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin bawanka Ajayi Crowther, da dukan waɗanda suka kawo mana Maganarka, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda kai kaɗai ka sani. Ka gafarta mana mantuwarmu. Ka ba mu alheri mu girmama waɗanda suke da rai, mu zauna lafiya da maƙwabtanmu, mu kuma riƙe bangaskiya har ƙarshe. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.